A tsarin firaminista, wa ke riƙe da mulki: mai yawan ƙuri'a ko mai yawan kujeru?

Hauwa'u Mai Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina bibiyar zaɓukan ƙasashen da ke bin tsarin firaminista, kuma lissafinsu ya ƙi shiga kaina. A zaɓen Birtaniya na 2024 jam'iyyar Leba ta samu kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, amma ta kwashe kujeru 411 daga cikin 650. Reform ta samu sama da kashi 14, kujera 5 kacal. Libral Dimokurat da ba ta kai Reform ƙuri'a ba ta tashi da 72. Can kuma a Holan, jam'iyyar Geert Wilders ce ta zo ta ɗaya a 2023 amma bai zama firaminista ba. To yaya ake tsara kamfen a irin wannan tsari, kuma a ƙarshe mulkin a hannun wa yake? Masana a taimaka.

Baban Sadiƙ:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Misalan nan naki guda biyu ba gida ɗaya suke ba, bari in ɗauki na Birtaniya, don shi na fi sani.

Da farko ki cire tunanin zaɓen shugaban ƙasa daga ranki. A Birtaniya babu wanda ya dangwala wa Keir Starmer, shugaban Leba a zaɓen 2024, a matsayin firaminista, in ban da mutanen mazaɓarsa da suka zaɓe shi ɗan majalisa. Zaɓuka 650 ake yi a rana guda, kowace mazaɓa da nata, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ke ɗaukar kujerar ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce. Na biyu ba shi da komai. Wanda ya tara kujeru 326 ya samu rinjaye, Sarki ya kira shugaban jam'iyyarsa ya ce ya kafa gwamnati.

Saboda haka mai tsara kamfen ba ya tambayar "mutum nawa ke son mu a ƙasar nan?" Taswira yake shimfiɗawa ya raba mazaɓu. Akwai waɗanda ko bai je ba nasa ne. Akwai waɗanda ko ya kwana can ba zai ci ba. Duk waɗannan ba ya ɓarnar kuɗi a kansu. Ƙarfinsa gaba ɗaya yana kan waɗanda ratar ba ta da yawa: can ake tura masu sa kai su bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, can shugaban jam'iyya ke yawan leƙawa, kuma damuwar mutanen can ce ke shiga takardar manufofi. Ga shi dokar ƙasar ta hana sayen tallan siyasa a talabijin, ta kuma ƙayyade kuɗin da ɗan takara zai kashe, to dole ka san inda za ka zuba ɗan abin da aka yarje maka.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A 2019 Leba ƙarƙashin Jeremy Corbyn ta samu ƙuri'u sama da miliyan 10, kujeru 202. A 2024 ƙuri'unta ba su kai miliyan 10 ba, kujeru 411. Ƙuri'a ta ragu, kujera ta ninka. Corbyn ya tara jama'a a manyan biranen da dama nasa ne, ƙarin ƙuri'a a can ba ta haifar da ƙarin kujera. Starmer ya yarda ya rasa wasu a waɗannan wuraren don ya samu kaɗan-kaɗan a inda ake kankankan. Sannan Reform ta yagi ƙuri'un Kwanzabatib, babbar abokiyar hamayyar Leba, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga.

Libral Dimokurat kuwa sun san ba za su kafa gwamnati ba, sai suka tattara kansu a wasu zaɓaɓɓun mazaɓu, galibi a kudancin Ingila, suna ce wa magoya bayan Leba: nan Leba ba za ta ci ba, in kuna son korar Kwanzabatib ku ara mana ƙuri'arku. Aka kuwa ara musu. Reform ta warwatsa ƙuri'u miliyan 4 a ko'ina, ta yi ta zuwa ta biyu da ta uku.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A Kanada, 2019 da 2021, Kwanzabatib ta fi ƙuri'a duka biyun amma Justin Trudeau ya ci gaba da mulki da yawan kujeru. Ko Nijeriya lokacin da take kan wannan tsari haka aka yi: a zaɓen 1959 NPC ba ita ce ta fi ƙuri'a ba, amma ta ci kujeru 134 cikin 312, ta haɗa kai da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama firaminista, Awolowo ya koma jagoran adawa.

Malama Asabe:

Baban Sadiƙ ya yi bayanin rabi, ni bari in ɗora da na Holan. Can ba a cin mazaɓa ɗaya-ɗaya. Kujeru 150 ne, ana raba su daidai da kason ƙuri'ar kowace jam'iyya. Ƙuri'a ba ta tafiya a banza, amma kuma babu mai samun 76 shi kaɗai. Wilders ya samu 37. Sauran da ya nemi su haɗu suka ce za su shiga gwamnati da jam'iyyarsa amma ba shi a kan kujera ba, aka ɗauko Dick Schoof, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri. Gwamnatin ma ba ta cika shekara ba, Wilders ya janye a watan Yuni 2025 ta rushe.

A irin waɗannan ƙasashe kamfen ana yin sa ne da ido ɗaya kan masu zaɓe, ɗaya kan teburin da za a zauna bayan zaɓe. Kana sukar abokin hamayya amma ba ka zagin da zai hana ku gaisawa gobe. Kuma tambayar da 'yan jarida suka fi matsa wa shugabanni da ita ita ce: da wa za ka yi ƙawance, da wa ba za ka taɓa yi ba? Amsar nan kaɗai tana iya ɗaga jam'iyya ko ta kayar da ita.

Dubi Folan a 2023. Jam'iyya mai mulki ta PiS ta zo ta ɗaya da kujeru 194 cikin 460, amma ta riga ta ɓata da kowa, ba ta samu abokin tafiya ba. 'Yan adawa sun fito a rukuni uku, kowa ya kamo irin mutanensa, suka haɗa 248, jagoransu Donald Tusk ya hau. A Niyu Zilan a 2017 jam'iyyar National na da 56, Leba 46, sai Winston Peters, shugaban wata ƙaramar jam'iyya mai kujeru 9, ya ce Leba zai bi. Jacinda Ardern ta Leba ta zama firaminista, shi ya zama mataimakinta kuma ministan harkokin waje. Kujera 9 fa.

Jamus kuma ta sa shinge: jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 ba, a ƙa'ida ba ta shiga majalisa. A zaɓen Fabrairu 2025 wata ƙaramar jam'iyya mai suna BSW ta tsaya a kashi 4.98. Da ta tsallake, da kujerun jam'iyyar Friedrich Merz, wanda ya zama shugaban gwamnati, da na abokiyar ƙawancensa SPD ba su isa kafa gwamnati su biyu ba. Don haka ni amsata, Hauwa'u, mulki yana hannun wanda ba za a iya kafa gwamnati ba sai da shi.

Kawu Ɗanjuma:

Malama, a yi min afuwa, ban yarda da ƙarshen maganarki ba. Ƙaramar jam'iyya tana da bakin magana na sati biyu ko uku da ake ciniki. Daga ranar da aka rantsar da ita, alheri na babba ne, laifi kuwa a raba da ita. Libral Dimokurat ɗin nan da ake yabo, a 2010 sun shiga gwamnatin David Cameron da kujeru 57, bayan sun yi wa ɗalibai alkawarin ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba. Aka ƙara, da hannunsu a ciki. A 2015 suka dawo da kujeru 8. Jam'iyyar FDP a Jamus ta shiga gwamnatin Merkel a 2009, a 2013 ko majalisa ba ta shiga ba. Shi kansa Peters ɗin, a 2020 jam'iyyarsa ta fita daga majalisa gaba ɗaya.

In kuna neman inda mulki yake, ku dubi 'yan majalisar da ke zaune bayan firaminista, 'yan jam'iyyarsa. A Birtaniya, Margaret Thatcher ta ci zaɓe sau uku, babu ɗan adawar da ya iya da ita, nata ne suka sauke ta a 1990. Boris Johnson ya kawo gagarumin rinjaye a 2019, a 2022 ministocinsa suka yi ta ajiye aiki har ya ga ba shi da wanda zai naɗa. Liz Truss kwana 49 ta yi. Ostireliya ta canza firaminista sau huɗu tsakanin 2010 da 2018 ta hanyar ƙuri'ar cikin gida ta jam'iyya. Ɗan majalisa abin da yake dubawa shi ne: sunan mutumin nan zai taimake ni in riƙe kujerata, ko zai ja ni ƙasa? Ranar da amsar ta canza, an gama da shi.

Hauwa'u Mai Tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Amma Kawu, in haka ne ai an cuci mai zaɓe. Ya zaɓi wani, a wayi gari a ɗora masa wani.

Baban Sadiƙ:

Da sauƙi 'yar'uwa. Gaskiya ne Theresa May da Johnson da Truss da Rishi Sunak duk sun fara hawa ba tare da babban zaɓe ba. Amma ki juya ta ɗaya gefen. Da Truss shugabar ƙasa ce mai wa'adin shekara huɗu, da haka za a zauna da ita bayan kasafinta ya rikita kasuwa. Ni dai na fi son tsarin da za a iya cire mutum a cikin mako guda, ko da yana zuwa da nasa ciwon kai. Kuma abin da Kawu ya faɗa bai rushe na Malama ba. Firaminista yana tsoron na bayansa ne saboda su ma suna tsoron mazaɓunsu, in kuma gwamnatin haɗaka ce ga tsoron abokan ƙawance a kai.

Akwai makami ɗaya da ba a ambata ba, wato zaɓar ranar zaɓe. A Birtaniya firaminista na iya neman a rusa majalisa kafin wa'adi ya cika, idan ya ga iska na kaɗawa ta wajensa. May ta gwada a 2017, tana da rinjaye kuma binciken ra'ayi na nuna ta yi wa Leba nisa. Ta fito da wani shiri kan kuɗin kula da tsofaffi wanda ya tsorata ainihin masu zaɓenta, ta sassauta shi ana tsakiyar kamfen, aka ƙirga ƙuri'a ta rasa rinjayen da take da shi. Sai da ta nemi DUP, jam'iyyar Ailan ta Arewa mai kujeru 10, aka yi wa Ailan ta Arewa alkawarin ƙarin fam biliyan 1 kafin su mara mata baya.

Shi ya sa a wannan tsari kamfen ba ya ƙarewa ranar zaɓe. Kowace muhimmiyar ƙuri'a a zauren majalisa sai bulaliyar jam'iyya, wato mai tsawatar wa 'yan majalisarta, ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, wannan a lallashe shi, wancan a tuna masa muƙamin da yake hari. A Jamus, Merz da kansa, bayan an sa hannu kan yarjejeniyar haɗaka, ya faɗi zagayen farko na zaɓen shugaban gwamnati a watan Mayu 2025, ya samu 310 alhali 316 ake buƙata, kuma ƙuri'ar sirri ce, ba a san waɗanda suka zame ba. Sai a zagaye na biyu ya tsallake. A Indiya kuwa, a watan Afrilu 1999, wata jam'iyyar ƙawance ta janye daga gwamnatin Atal Bihari Vajpayee, aka kaɗa ƙuri'ar amincewa ya samu 269, masu adawa 270. Su kuma 'yan adawar suka kasa haɗa tasu gwamnatin, aka koma zaɓe, Vajpayee ya dawo da ƙawance mai faɗi ya yi mulki har 2004.