Neman kalma: makunnin da ke kunna fitila ɗaya daga wuri biyu ko fiye

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wata 'yar asara ce ta sa na kawo wannan magana gabanku. Na ce wa mai wayarin ya sa mini "makunni biyu" a matakalar bene. Nufina ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, duka na fitila guda, in kunna in hau, in kashe in shige ɗaki. Da na dawo da yamma sai na tarar ya kafa murfi ɗaya a gindin matakala mai maɓalli biyu, ɗaya na fitilar bene, ɗaya na ta baranda. Aiki tsaf, ba inda ya karkace. Da na kwatanta masa da hannu abin da nake so, sai ya dafe kai ya ce, "Haba Malam, ai da tu-we ka ce." An kuwa riga an shafe bangon.

Ban ga laifinsa ba. Makunni biyu na ce, makunni biyu ya sa. Kalmar ce ba mu da ita, ita nake so mu nemo.

Kafin a raɗa wa abu suna, a dube shi tukuna. Juya makunni na yau da kullum, za ka ga ramin ɗaure waya biyu ne a bayansa: wuta ta shiga, wuta ta fita. Wanda muke nema wa suna kuwa rami uku gare shi, an rubuta wa ɗaya COM, sauran L1 da L2. Wuta tana shiga na farko ta COM, shi kuma ya miƙa ta ga ɗaya daga wayoyi biyu da suka tafi zuwa ga ɗan'uwansa da ke can nesa. Na biyun shi ma waya ɗaya yake zaɓa ya haɗa da ƙwan fitila. In zaɓinsu ya zo ɗaya, fitila ta kama. In suka saɓa, duhu. Shi ya sa irin wannan makunni ba shi da tsayayyen gefen kunnawa: yau ka danna ƙasa ta kama, gobe ka danna ƙasa ta mutu, ya danganta da yadda aka bar wancan. Wanda bai sani ba sai ya rantse an yi masa aikin ha'inci.

In wuraren sun kai uku, ana saka wani iri dabam a tsakiya, mai rami huɗu, wanda aikinsa kawai ya gicciya wayoyin nan biyu ko ya bar su a miƙe. Wuri biyar kake so? Biyu a ƙarshe, uku a tsakiya.

Shawarar farko da aka ba ni ita ce mu fassara tu-we ɗin nan na Turanci kai tsaye: "makunni mai hanya biyu". Ban karɓa ba, domin su kansu masu Turancin ba su daidaita ba. Abin da Ingila ke kira mai hanya biyu, shi ne Amurka ke kira mai hanya uku, na tsakiyan kuma Amurkawa su ce mai hanya huɗu. Abu ɗaya, ƙidaya biyu. Me zai kai mu ɗauko rigimar wasu mu ɗora wa kanmu? Faransawa sun fi su dabara, sunan da suka ba shi ma'anarsa tafi-ka-dawo. Jamusawa kuwa makunnin sauyi suke cewa, na tsakiya kuma makunnin gicciye. Wannan na ƙarshe na yi masa sha'awa, zan dawo kansa.

Wata 'yar'uwa ta kawo "tagwayen makunni". Da daɗi a baki, amma Hajiya, tagwaye ai tare ake ganinsu. Duk wanda ya ji haka, murfin nan mai maɓalli biyu zai faɗo masa a rai, wanda masu aiki ke kira tu-gan, wato daidai ramin da na faɗa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Wani ya ce "makunnin bene". Gaskiya ne a nan aka fi saninsa, har dokar wayarin ta Amurka ta wajabta makunni a sama da ƙasa idan matakalar cikin gida ta kai taki shida. To amma na ɗakin kwana fa, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a kan gado, don kada mutum ya gama lulluɓa ya tuna bai kashe fitila ba? Na dogon korido fa? Ba bene a nan.

Wanda ya fi ja mini rai shi ne "makunnin karɓa-karɓa". Na kwana biyu ina juya shi. Sai dai karɓa-karɓa akwai bin layi a ciki, wannan ya yi, ya sauka, wancan ya karɓa. Nan kuwa babu jiran kowa. Kana iya tsayawa a guda ɗaya ka kunna ka kashe sau goma, ɗayan bai motsa ba.

Ni dai inda na tsaya shi ne makunnin haɗaka. Haɗaka ita ce abu ɗaya da masu shi suke da yawa, kowa da iko a kansa. Fitila ɗaya, makunnai da dama. Kalmar ba ta ƙidaya komai, saboda haka ta ɗauki wuri biyu, ta ɗauki bakwai. Mafi muhimmanci, da jin ta ka san ba a sayen guda ɗaya a ce an gama, akwai abokin tarayya a wani wuri, kuma sai an sada su.

A wannan sadawar kuɗin yake. Mutane suna tambayar nawa ne makunnin, alhali shi ne mafi araha a cikin lissafin. Bambancin kuɗinsa da na yau da kullum ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, na tsakiyan ne ma ya ɗan fi tsada. Abin da ke cin aljihu shi ne tazarar da ke tsakani: tsawon waya, da kuma inda za ta bi. In ana cikin gini, bututu na buɗe, ba a yi filasta ba, ƙarin 'yan wayoyi ne da ɗan lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuwa gida ya kammala, sai an tsaga bango, ko a bi ta cikin silin, a dasa sabon akwati, a mayar da shafe, a nemo fenti mai kama da na da, wanda da wuya ya yi kama. A nan ladan ma'aikaci kan ninka kuɗin kaya. Ni abin da ya same ni ke nan: na biya mai wayarin sau biyu, ga mai shafe, ga mai fenti. Wanda ba ya son ƙura yana iya sa marar waya, mai aika saƙo ta iska zuwa wata 'yar na'ura a jikin fitila. Kayan sun fi tsada, amma bango ya tsira. Shi ma a wurina makunnin haɗaka ne, tunda sunan aikin yake nunawa. Ko wanne aka zaɓa dai, aikin ƙwararre ne, kuma sai an kashe wuta daga babban akwati kafin a taɓa waya.

Saura 'yan rakiyarsa. Na tsakiyan nan mai rami huɗu ina ganin mu ari na Jamusawa, makunnin gicciye, don abin da yake yi ke nan. Murfi mai maɓalli biyu ko uku a bar shi haka, mai maɓalli biyu, mai maɓalli uku, ba ya buƙatar sabon suna. Wayoyi biyun da ke tsakani ne ban gamsu ba tukuna. Ina ce musu 'yan aike, wani kuma ya fi son wayoyin tsakani.

Na gwada kalmar a kan mai wayarin ɗin da ya zo ƙarasa aiki. Na ce, "Maigida, fitilar korido ma haɗaka za a yi mata." Bai tambaye ni ma'ana ba. Ya ɗaga kai ya dubi tsawon koridon, ya ce, "Wuri nawa?"