Neman shawara: mashin ɗina yana mutuwa a silo idan ya yi zafi, batir kuma ba ya riƙe caji

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin mashin ku taimaka mini. Ni malamin firamare ne, shekaruna sun ɗan ja, ga ciwon gwiwa, shi ya sa na sayar da mai giya na sayi sukuta ɗan China mai bel, 125, na hannu. Wata takwas muna lafiya lau da shi. Tun da sanyi ya shigo abu ya lalace.

Da safe bugu ɗaya yake tashi, ya zauna a silo daram. Amma da na yi tafiyar minti goma ya ɗauki zafi, duk inda na taka birki na tsaya sai ya yi ta ɓaɓatu, ya mutu. Jiya a tsakiyar mahaɗa ya yi mini, ga jikata a baya na ɗauko ta daga islamiyya, ga masu Adaidaita suna ta hon. Sai da na sauka na tura shi gefe. Sitata ta daina aiki, sai dai ka ji "ƙas", dole sai kik, gwiwar kuma ba ta ɗauka. Fitilar gaba ja-ja take kamar aci-balbal, wani lokaci ta yi ta ƙyaftawa. Mai kuma yana shansa fiye da da.

Na canja batir sau biyu, fulogi sau uku. Yaron da nake kai wa ya wanke kafireta, sannan ya ƙara silo, yanzu in yana da sanyi har jan gaba yake ni ban murɗa totur ba. Ya ce sai dai in sayi sabuwar kafireta da CDI, wato ɗan akwatin da ke aika wa fulogi wuta. Albashin ba zai ɗauki saye-sayen gwaji ba. Me kuke gani?

Ɗan acaɓa, Gusau:
Wa alaikumus salam Malam. Ina kake shan mai? In wajen 'yan bumburutu ne, to daga nan za ka fara. A gindin kafireta akwai ɗan sukurun zubar da mai, kwance shi ka tari man a farar kwalba. In da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Sannan ƙurar hunturun nan, ka buɗe iyakilina ka gani. Nawa duk sati biyu nake kakkaɓewa.

Wani ɗan'uwa:
CDI ne Malam, nawa haka ya yi. Ka saya kawai ka huta.

Tsohon bakanike, Zariya:
A'a ɗana, kada ka sa bawan Allah ya zubar da kuɗinsa. Ciwon kai iri ɗaya ne a baki, amma ba magani ɗaya ba.

Malam, akwai tambayoyi uku da nake so ka amsa mini kafin kowa ya taɓa sifana. Fulogin da kuke cirewa, wane launi bakinsa yake? Fari fat, ko ruwan ƙasa, ko baƙi mai kunkunniya? Sannan ran da batir ya mutu murus, ko hon babu, in ka buga kik yana tashi? Na uku, ka ɗora shi kan babbar ƙafa da safe yana silo, ka matse birki ba tare da ka je ko'ina ba, ka ga ko zai mutu.

Dalilin tambayar: CDI kala biyu ne a waɗannan mashinan. Akwai mai cin wuta daga batir, akwai mai ɗaukar tasa kai tsaye daga kwayil ɗin maganeto, wato abin da ke samar da wuta in inji yana juyawa. Mai cin batir, in batir ya yi sanyi, fitilar birki kaɗai za ta iya janye wutar injin ya mutu. Ɗayan kuwa babu ruwansa da batir.

Mai tambaya:
Na gode Baba. Fulogin baƙi ƙirin, busasshe, in ka shafa sai ya ɓata maka yatsa kamar gindin tukunya. Ba batir ma yana tashi da kik. Na gwada na birkin yau da safe, bai ko girgiza ba. Man na tara kamar yadda ɗan'uwa na Gusau ya ce, babu ruwa. Iyakilina da ƙura amma ba sosai ba, na kakkaɓe.

Tsohon bakanike, Zariya:
Madalla. To CDI ya fita, birki ma ya fita. Ba birkin ke kashe shi ba, sakin totur ɗin da kake yi ne lokacin tsayawa. Baƙin fulogi kuma yana nufin mai ya fi iska yawa. Da wuyan robar da ke tsakanin kafireta da inji ne ya tsage yana shan iska, da fulogin fari zai yi, silon kuma ya riƙa hawa da sauka. Injin da ke son sanyi ya ƙi zafi, ga baƙin fulogi, ga shan mai, ni cok nake zargi. Amma bari masu wayarin su yi magana, don cok ɗin irin naka ba na hannu ba ne.

Mai wayarin, Kano:
Baba ya kawo mu bakin ƙofa. Malam, ni a ganina ba matsala biyu gare ka ba, guda ɗaya ce ta fito ta wuri biyu. Bari in yi bayani a tsanake.

A saman kafiretarka ta gefe akwai wani abu baƙi na roba kamar babban yatsa, da waya biyu a jikinsa. Shi ne cok. In inji yana da sanyi, allurar da ke cikinsa a ɗage take, ƙarin mai yana wucewa, shi ya sa da safe bugu ɗaya yake tashi. Da inji ya tashi sai wuta ta shiga ta ɗumama wani kaki da ke ciki, kakin ya kumbura ya tura allurar ta toshe hanyar ƙarin man. Cikin minti biyar ya kamata ya gama rufewa. In wuta ba ta isa gare shi, haka zai zauna a buɗe har ka je ka dawo, injin yana shaƙewa da mai.

To ina yake samun wutar? A yawancin irin waɗannan, daga yaluwar wayar da ta fito daga maganeto, wadda ita ce dai ke ba fitilar gaba wuta. Ka ce fitilarka ja-ja take tana ƙyaftawa. Kusa da ita akwai farar waya, ita ke zuwa rektifaya ta yi cajin batir. Ka ce batir ba ya caji. Su biyun nan galibi soket ɗaya suke shiga. Wayoyin da ke ba CDI wuta kuwa nasu mahaɗin daban, shi ya sa mashin ke tashi lafiya.

Abin da za ka yi: ka sami mai mita, ko mai gyaran rediyo ne. A auna batir mashin a kashe; lafiyayye yana wajen volt 12.6. A tayar, a ɗan ba shi wuta, a sake aunawa. Ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai motsa ba, caji ba ya zuwa. In ya haura 15, rektifaya ce ta lalace tana dafa batir, amma da haka ne da ƙwan fitila ya riƙa ƙonewa, ba dushewa ba. Bayan nan a bi wayoyin da suka fito daga injin ta wajen fanka har zuwa soket, a zare shi a leƙa ciki. A duba koriyar waya ta at ma inda aka ɗaure ta da jikin ƙarfe, tsatsa na cin wurin.

Cok ɗin kansa gwajinsa ba wuya. A cire shi, a auna tsawon allurar, a jona shi da batir mai kyau minti biyar. Zai yi ɗumi a hannu, allurar ta fito kamar milimita 3. In ya yi haka lafiyarsa ƙalau, kada a saya maka wani.

Wata 'yar'uwa, Maraɗi:
Malam don Allah kafin a gyara a rage silon nan. Irin mashin ɗin nake hawa zuwa aiki. Ba shi da kulocin hannu, da juyin inji ya hau da kansa yake kamawa ya tafi. Ka ɗora shi kan babbar ƙafa, in tayar baya tana gudu kai ba ka taɓa komai ba, silo ya yi yawa. Da yarinya a baya wannan ba abin wasa ba ne.

Mai tambaya:
'Yan'uwa na dawo, Allah ya saka muku da alheri. Na kai wa wani mai wayarin a bakin kasuwa, na karanta masa abin da ɗan'uwa na Kano ya rubuta. A kashe batir ya nuna 12.1, da aka ba shi wuta ya tsaya 12.2. Da ya zare soket ɗin sai ga robar ta narke ta gefe guda, ƙarfen ciki ya yi kore, yaluwar wayar kuma silin biyu ko uku kaɗai suka rage tana riƙe da su. Ya yanke, ya sa sabon soket, ya kankare wurin at. Nan take mita ta nuna 14.1, fitila ta yi fari. Cok ɗin da aka gwada yana aiki. Mun sa sabon fulogi, na zaga gari rabin awa, na tsaya ya fi sau goma bai mutu ba. Hajiya ta Maraɗi, an rage silon, taya ta daina juyawa. Abu ɗaya ya rage: in ya yi zafi sosai ina jin 'yar ƙara "cak-cak-cak" daga kan injin.

Tsohon bakanike, Zariya:
Alhamdu lillahi. Ƙarar nan bawul ce, a saita ta da safe inji da sanyi, da feleji, wato siraran ƙarafan auna tazara, ba da ido ba. Irin injin nan tazarar bawul ɗinsa wajen milimita 0.1 ce, a duba abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin mashin in tana nan. Fulogi kuma tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7.

Sannan Malam, tun kafin bawul ɗin, ka zaro sandar baƙin mai ka shinshina. Wata da watanni cok yana buɗe, fetur na iya gangarawa ya tsinka shi. In ka ji warin fetur ko ka ga ya yi ruwa-ruwa, juye shi gobe ka zuba sabo. Batirin farko da ka cire ma kada ka yar, a sa masa caji a gwada, wataƙila da ransa.