Yaya za a ɗaure tsohuwar Land Rover a kan tirela daga Legas zuwa Kano?

Jama'a, masana harkar tirela, a taimaka. Tsohuwar Land Rover ce a Agege, doguwar, ta haura tan ɗaya da rabi, za a kai ta Kano. Inji ba ya tashi, birkin hannu ya mutu.

Lodi ba matsala, ɗaurin ne ya gagara. Direba ya ce a ja sarƙa daga shasi, wato ƙarfen da jikin motar ke zaune a kai. To amma in tirela ta faɗa ramukan Jebba zuwa Mokwa, sifirin Land Rover ɗin zai lotsa, sarƙa ta saki sannan ta fizga, ƙugiya na iya zamewa. Bel huɗu a kan tayoyi, da katako gaba da bayan kowace taya, sun wadatar? Ko sai an ƙara sarƙa a aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi? A giya za a bar ta?