Tambaya kan Sifaniyanci: yaya ake jujjuya aikatau ɗin "maquinar"?

Ummi_Almeriya:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah wanda ya san Sifaniyanci sosai ya taimaka min. Ina zuwa ajin manya da yamma a nan Almeriya ta ƙasar Sifen, malamar mu ta ba kowa aikatau guda ɗaya ya jujjuya shi a lokuta daban daban kuma ya gina jimla da kowanne, ni sai aka ba ni maquinar, tace ma'anarsa ƙulla makirci ko kitsa wa wani sharri a ɓoye. Toh abinda ya ɗaure min kai shine ina ganin máquina da maquina da maquinó duk kusan rubutu ɗaya, kuma ni máquina na san shi da inji ne, keken ɗinki ma máquina de coser suke cewa, to ina haɗin inji da makirci? Sannan shin aikatau ɗin yana bin ƙa'ida ne ko irin masu taurin kan nan ne kamar tener da ir da sai an haddace su? Kuma wai mutane suna faɗinsa a hira kuwa, don ni wlh ban taɓa jin maƙwabtana sun faɗa ba. Ranar Litinin zan miƙa aikin. Nagode.

Malam_Garwa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, maquinar mai bin ƙa'ida ne ɗari bisa ɗari, layinsu ɗaya da hablar da trabajar, duk aikatau masu ƙarewa da -ar. Ina koyar da Sifaniyanci a sakandare a nan arewacin Kamaru, don a wajenmu yara suna zaɓar Jamusanci ko Sifaniyanci a matsayin ƙarin yare, kuma abinda nake fara faɗa wa yaran da suka taso da Hausa shine su lura da inda lokaci yake zaune. Mu a Hausa aikatau baya motsi sosai, abinda ke gabansa ne ke canzawa: na ƙulla, ka ƙulla, zan ƙulla, nakan ƙulla, muka ƙulla. Su kuma a wutsiya suke sa komai, da mai aikin da lokacin aikin duk suna ƙarshen kalma. In kin yi sarfu a Islamiyya, fa'ala fa'alaa fa'aluu ɗin nan, toh kusan haka abin yake.

Ki cire -ar, ya rage maquin-, sai ki ɗora, kowane layi a jere yake na ni, kai ko ke, shi ko ita, mu, ku, su:

Yanzu: maquino, maquinas, maquina, maquinamos, maquináis, maquinan

Ya wuce ya ƙare: maquiné, maquinaste, maquinó, maquinamos, maquinasteis, maquinaron

Ana cikin yi a da, ko an saba yi: maquinaba, maquinabas, maquinaba, maquinábamos, maquinabais, maquinaban

Na lokaci mai zuwa shi ba a cire komai, kalmar gaba ɗaya ake ɗora wa: maquinaré, maquinarás, maquinará, maquinaremos, maquinaréis, maquinarán. Haka ma na sharaɗi, maquinaría har zuwa maquinarían.

Subjuntivo kuma, wato sigar da ake amfani da ita wajen fata ko shakka, harafin a ɗin nan ne ke komawa e: maquine, maquines, maquine, maquinemos, maquinéis, maquinen.

Yanzu ga maganar da ta dame ki, kuma ita ce ainihin inda ake zubar da maki. Wannan ɗan layin da ke kan wasali yana nuna gaɓar da ake dannawa ne. MÁ-ki-na inji kenan, suna ne. Ma-KI-na kuma yana ƙulla makirci, shi ko ita. Ma-KI-no ni ne nake ƙullawa yanzu, amma ma-ki-NÓ wani ne ya riga ya ƙulla, kinga da mai laifin da lokacin laifin duk sun canza saboda ɗan layi ɗaya. Ƙa'idar ita ce kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s a gaɓa ta biyun ƙarshe ake danna ta, in aka saɓa wa haka dole a sa alama, shi yasa maquinó da máquina da maquinábamos suke da ita amma maquina babu. Kuma qui ɗin "ki" ake karantawa, u ɗin bata fita sam. Haɗinsu da inji gaskiya ne, tushensu ɗaya daga Latin, mai makirci kansa na ta aiki a ɓoye yana harhaɗa abubuwa.

Ki kula da maquinamos, shi ne na yanzu shi ne kuma na shuɗaɗɗen lokaci, sai da ayer ko ahora ko dai yanayin zancen ake gane wanne ake nufi. Duk masu -ar masu bin ƙa'ida haka suke.

Ɗan_Damagaram:

Malam ya gama magana ta fannin ƙa'ida, Allah ya ƙara basira. Ni dai ta bakin titi zan yi, na jima a Basalona ina aikin gini kuma gaskiyar Ummi ne, maquinar ba kasafai za ka ji shi a bakin mutane ba, ba wai basu san shi ba, sun sani sarai, amma wanda ke yawo a baki kullum shine tramar. Uwa ta shigo ɗaki ta tarar da yara sun yi tsit sun haɗa kai a lungu suna ƙus ƙus, abinda zata ce shine ¿qué estáis tramando?, me kuke ƙullawa, kuma ba faɗa bane, da murmushi ma ake faɗa. Ko a wajen aiki in shugabanni suka shige ofis suka rufe ƙofa sai kaji wani ya matso yace algo traman, wato akwai abinda suke kitsawa. Juyinsa daidai da na maquinar ne, tramo tramas trama tramamos tramáis traman, tramé tramaste tramó, babu wani abin mamaki a ciki.

In kina kallon labarai kuma zaki ji la trama sosai, nan suna ne, gungun masu haɗa baki a wata badaƙala, haka kuma zaren labarin fim ko littafi shima trama ne. Shawarata ki yi aikin da maquinar tunda shi aka baki, amma a ƙasa ki ƙara jimla biyu da tramar, malamar zata ji daɗi aradu don zata gane kunnenki na waje ba a littafi kawai yake ba.

Hajiya_Maman_Sadik:

Ummi ƴata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Bari in ƙara abu ɗaya da yasa tramar bai taɓa ɓace min ba. Asalinsa maganar masaƙa ce, trama shine zaren da ake ratsawa a kwance, urdimbre kuma zaren tsaye da ake fara shimfiɗawa, a maganar masaƙar nan kuma akwai wani aikatau ɗin urdir, shima kitsa makirci ne, urdir un plan, urdir una mentira. Mu ma ai muna cewa wane yana saƙa da mugun zare, toh tunanin ɗaya ne sak. Sai dai urdir na gidan -ir ne, saboda haka wutsiyarsa daban: urdo, urdes, urde, urdimos, urdís, urden, shuɗaɗɗe kuma urdí, urdiste, urdió, urdimos, urdisteis, urdieron, subjuntivo ɗinsa da a yake tafiya, urda urdas urda. Na rubutu ne da jarida, in kika faɗe shi a kasuwa za a gane amma za a ji kamar kina karanta labarai.

Masu ɗan tarko a rubutu guda biyu ne a wannan dangin kuma ina so ki riƙe su tun yanzu don gaba zasu zo miki a jarabawa. Intrigar in zaki ce ni na yi sai an sa u, intrigué, don in babu ita g ɗin zata canza sauti gaban e, haka subjuntivo intrigue. Kuma ki yi hankali da shi don yawanci in mutum yace me intriga yana nufin abin ya ja hankalinsa yana son ya san ƙarshensa, ba makirci ba. Na biyu fraguar, ɗan uwan fragua wato maƙera, shi kuma u ɗinsa tana fita a baki, to gaban e sai an ɗora mata ɗigo biyu: fragüé, fragüe, fragüemos, amma fraguo da fraguó basu buƙata. A waya in kika danne harafin u kika riƙe zaki ga ü da ú sun fito, haka a da e da o.

Malam_Garwa:

Hajiya kin kawo abu mai amfani. Tunda jimloli ake so bari in ba da misali da abinda ya faru a ƙasar da Ummi take zaune, don malamar zata san shi kuma duk wanda ya manyanta a can yana tuna inda yake ranar. 23 ga Fabrairu 1981 Laftanar Kanar Antonio Tejero ya kutsa majalisar dokoki a Madrid da jami'an Guardia Civil, wato jandarmomin Sifen, kusan 200 ana tsaka da ƙuri'ar naɗa Leopoldo Calvo-Sotelo shugaban gwamnati bayan Adolfo Suárez ya ajiye aiki, suka tsare ƴan majalisa har washegari, cikin dare Sarki Juan Carlos ya fito a talabijin ya ƙi goyon bayansu abin ya wargaje. Suna kiransa 23-F. Daga nan kaɗai zaki fitar da jimloli da yawa:

Maquinaron un golpe de Estado, sun ƙulla juyin mulki, an yi an gama.

Maquinaban en secreto, suna ta ƙullawa a ɓoye, nan tsawon lokacin ake nunawa ba ƙarshensa ba.

Conspiraron contra el Gobierno. Lura conspirar baya ɗaukar abu kai tsaye, ba a cewa conspirar un golpe, sai dai contra wani ko para yin wani abu, kuma mutum ɗaya baya conspirar shi kaɗai, alhali maquinar mutum zai iya yinsa shi ɗaya a kan gadonsa cikin dare.

Akwai kuma confabularse mai tafiya da wakilin suna, nos confabulamos, se confabularon, haɗa baki kenan.

Ummi_Almeriya:

Kai Allah ya saka muku da alheri, Malam da Hajiya da Yaya na Damagaram, na kwafe komai a littafi. Saura abu biyu, a takardar akwai wajen imperativo da kuma imperfecto de subjuntivo, kuma maƙwabciyata ƴar Ajantina ce naji tana cewa vos a maimakon tú, wato kai ko ke, shin in sa nata a ciki ko in bari?

Malam_Garwa:

Umarni: maquina ga tú, maquine ga usted (kai ko ke na girmamawa), maquinad ga vosotros (ku), maquinen ga ustedes (ku na girmamawa). Hani kuma daga subjuntivo ake ɗauko shi, no maquines, no maquinéis, kada ki rubuta no maquina da nufin hani don wannan yana nufin baya ƙullawa ne kawai.

Imperfecto de subjuntivo, wato subjuntivo na shuɗaɗɗen lokaci, hanyarsa mai sauƙi, ki ɗauki maquinaron ki cire -ron ki sa -ra: maquinara, maquinaras, maquinara, maquináramos, maquinarais, maquinaran. Akwai ɗan uwansa mai -se, maquinase maquinases, duka biyun daidai ne, a Sifen zaki ji duka amma -ra ya fi yawa. Nan ma alamar nan ta dawo, maquinara da maquinará ba ɗaya bane, na biyun zai ƙulla kenan nan gaba. Misali: si maquinaran algo, lo sabríamos, da suna ƙulla wani abu da mun sani. Na subjuntivo na yanzu kuma ki sa no creo que maquinen nada.

Batun vos, a Ajantina da Urugwai suna cewa vos maquinás, vos tramás, dannawa a ƙarshe, umarni kuma maquiná, kuma duk Latin Amurka basa amfani da vosotros, ustedes maquinan suke cewa. Ba kuskure bane ko kaɗan, amma ke a Sifen kike karatu, ki cike layuka shida ɗin da vosotros yadda aka saba, in kina so ki sa na vos a gefe. Kafin ki miƙa ki buɗe ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar kula da yaren Sifaniyanci, a intanet, kyauta ne, ki rubuta maquinar zaki ga wajen da yake nuna jadawalin juyin gaba ɗaya har da na vos, sai ki bi layi layi ki duba alamomin kan wasali.