Kuɗin data a Gusau: fashi ne ko ciniki?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, wai sai yaushe? A Ingila ana biyan kuɗin intanet na gida sau ɗaya a wata, ba mai ƙirga maka gigabait. Mu nan ana auna mana kamar gero a tiya, ga hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan farashi a Janairun 2025, sabis kuwa daga magariba sai ya kwanta. Wannan fashi ne tsagwaronsa.

Injiniya: Ƙanena, janye kalmar nan. A Zamfara ba a wasa da "fashi", mun san masu yin sa suna daji da bindiga. Kuma ka haɗa doki da jaki. Na Ingila waya ce ake ja har cikin ɗaki. Naka iska ce daga turken sabis ɗaya da unguwa guda ke rabawa. Kowa ya hau bayan magariba, dole rabon kowa ya ragu.

Malamar Lissafi: Injiniya, in "fashi" ta yi nauyi a ce "ƙwace". Ba farashin gigabait ake dubawa ba, aljihu ake dubawa. Ma'aunin duniya shi ne kada data ta ci fiye da kashi 2 na abin da mutum ke samu a wata. Mafi ƙarancin albashi N70,000, kashi 2 ɗinsa N1,400. Shirin intanet na gwamnatin tarayya na 2020 zuwa 2025 ya ce gigabait ɗaya ya sauko N390, gudu ya kai megabit 25 a birni, 10 a karkara. Wa ya ga 10 a Bukkuyum?

Baban Kaura: Malama, ƙwace da fashi ai duk kanwar ja ce. Ɗan fashi ba ya ba ka rasit. Wanga ha'inci ne, ba hwashi ba.

Ɗan Tudun Wada: Baba, ni maganar Ingila nake yi fa.

Baban Kaura: Bari mu gama da wannan tukuna, yaro.

Injiniya: Ha'incin ma babu. Megabit daban, megabait daban, a raba da 8. Layin megabit 10 yana sauke megabait 1.25 a daƙiƙa. Sai mutum ya bar bidiyo a kan HD, wanda kan lashe har gigabait 3 a awa, waya na sabunta manhajoji a ɓoye, ya wayi gari yana cewa an sace masa. Ku rage ingancin bidiyo zuwa 480p, ku hana sabuntawa sai da Wi-Fi. Sannan wayoyin ƙarƙashin teku irin MainOne, Glo-1 da Equiano a Legas suke sauka. Kafin a jawo wayar intanet ta faiba nan, akwai kuɗin izinin tona gefen hanya da aka tsayar N145 kowace mita, kilomita 100 ke nan Naira miliyan 14.5, ba a sayi wayar ba. Turke kuma dizal yake sha dare da rana, ga ɓarayin batir.

Malamar Lissafi: Ka ga kai ma ka kawo ɓarayi.

Na Birnin Kebbi: Ku Zamfarawa ku ne da ƙorafi? A Satumban 2021 gwamnanku ne ya nemi a kashe sabis, NCC ta kashe, mutane suna zuwa Funtuwa don buga waya. Lokacin ba wanda ya ce fashi.

Baban Kaura: Don tsaro aka yi, kuma ya yi amfani. Kada ka kawo mana siyasa.

Na Birnin Kebbi: Wane amfani, Baba? Kawo adadi.

Baban Kaura: Kai kawo naka.

Ɗan Mafara: Ku sa Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam, ku huta, tun Janairun 2023 take Najeriya.

Malamar Lissafi: Da kuɗin faranti, da na wata, da sola mai riƙe ta? Shawarar masu shi ce.

Ɗan Mafara: Masu shi kuma? Malama, a ja zance.

Ɗan Tudun Wada: Har yanzu ba wanda ya gaya min dalilin da a Ingila doka ta ba mutum damar neman layin megabit 10 tun 2020, mu kuma shiru.

Shugaban Zaure: To, a tsaya haka. Abin da aka cimma: kalmar "fashi" ba ta dace ba, Injiniya ya warware komai da hujja, matsalar daga saitin wayoyinku ne da tsadar dizal. Lissafin Malama mun gani, amma ba kowa ke kan mafi ƙarancin albashi ba. Batun 2021 an rufe shi. Mai son a gyara masa saiti ya tuntuɓi Injiniya.

Malamar Lissafi: Ranka ya daɗe, wa ya cimma?