Neman kalma: mogejin da mutum uku suka sa wa hannu, sai aure ya mutu

Tafinta: Assalamu alaikum. Ina fassara shirin rediyo don Hausawa mazauna Ingila, gobe da azahar za a naɗa. Miji da mata da mahaifin matar sun sa hannu a mogeji ɗaya, wato bashin da banki ke bayarwa don sayen gida, daga baya aure ya mutu. Ina neman Hausar mogeji, da ta ƙa'idar nan da ta ba banki damar bin kowanne ɗayansu kuɗin gaba ɗaya.

Lauya: Wa alaikumus salam. Ta farko jinginar gida. Ta biyun ce mai haɗari. Kada ki ce "bashin haɗin gwiwa", mai sauraro zai ɗauka kashi ɗaya cikin uku ne a kan kowa. A ce saura fam 90,000: banki ba ruwansa da rabon dubu talatin-talatin, yana iya tasa surukin a gaba ya biya duka, ko da sunansa ba ya kan takardar gidan. Hukuncin kotu na rabon dukiya ma'auratan ya ɗaure, bai taɓa yarjejeniyar banki ba. Suna ba ya fita sai banki ya duba kuɗin shigar wanda zai riƙe gidan, ya yarda zai iya biya shi kaɗai. In bai kai ba, sai a sayar da gidan ko a nemi wani bankin ya karɓi bashin. Kuma in aka tsallake biya, tabon na hawa tarihin bashin su ukun, shekara 6 yake yi.

Malamin Hausa: Barista, jingina ba ta zauna ba. A jinginar gona, mai kuɗi ne ke karɓar gonar yana nomawa har a fanshe ta. A nan kuwa mai cin bashin ne zaune a gidan. Na daɗe ina ba da shawarar "jinginar zaune".

'Yar Damagaram: Baba, wa zai gane ta a rediyo? Mu nan ipotek muke ji a banki, ku mogeji. Ku ce bashin gida.

Malamin Hausa: Bashin gida ai har kuɗin haya da mai gida ke bin mutum. Harshen da ya haifi jingina da lamuni da fansa ba zai rasa kalma ba, 'yata. Aron ne ke kashe mu.

Ɗan Sakkwato: Malam, banki ma aro ce, ba wanda ya ji kunyarta. Abin da ke damuna, duk kalmar da aka ƙera a Kano sai a ce ita ce Hausa.

Lauya: Mu koma kan aikin Hajiya. Fiƙihu ya daɗe yana fassara rahanu da jingina, kunne ya saba. Ga ƙa'idar kuwa, "bashin da ke wuyan kowa dungurungum".

Tafinta: Na gode. Zan ce "bashin gida na jingina" a farko, in bayyana cewa mai cin bashin na cikin gidansa. Ta biyun zan faɗe ta da jimla: kowa a cikinsu ana iya bin sa duka, saki bai sauke masa ba.

Malamin Hausa: Jimla ba kalma ba ce, Hajiya. Na bari saboda lokacinki, amma ki saka "jinginar zaune" ko sau ɗaya ne, mu ji yadda masu sauraro za su karɓe ta.