Muhawara: Shin mai kaɗa bes ɗan amshi ne?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina kaɗa jita a ƙungiyarmu ta kiɗan biki a nan Sakkwato, amma da mai kaɗa mana bes, wato babbar jitar nan mai zurfin murya, ya koma garinsu, sai shugabanmu ya miƙa mini bes ɗin, ya ce ai duk wanda ya iya tsirkiya shida, huɗu ba za ta gagare shi ba. Gaskiya ne tsirkiyoyin bes huɗu, wato E, A, D da G, su ne dai huɗun nan masu kauri na jita, sai dai muryarsu ta fi zurfi. Amma wata biyu ke nan yatsuna biyu na dama suna bororo, tazarar wuyan bes ɗin ta gajiyar da hannun hagu, kuma mai gangarmu kullum yana cewa ina cika surutu. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, daga mai jan kiɗa an mayar da ni ɗan amshi kawai.

Baban Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka janye kalmar nan ta "kawai" da ka jingina wa ɗan amshi. Mu da muka tashi muna sauraron kiɗan fada a rediyo mun san cewa jagora na iya jefa magana ya yi shiru, amma 'yan amshi ne ke riƙe gindin waƙa, su karɓa, su ƙara, har ta zauna. Alhaji Musa Ɗanƙwairo kansa ya yi amshi a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya zama jagora, kuma ban taɓa jin wanda ya ce hakan ya rage masa daraja ba.

Malamin Arkilla: Baba, ina girmama maganarka, amma kwatancin tun asali bai daidaita ba. Ɗan amshi yana jiran jagora ne ya faɗa sannan ya karɓa, shi kuwa bes ba ya jiran kowa, domin tare da babbar ganga yake sauka, kuma shi ke nuna wa sauran makaɗa inda kiɗa ya dosa. Idan dole sai an kwatanta, to ya fi kusa da mai riƙe zaman kiɗa a cikin makaɗan kotso.

Baban Runjin Sambo: Malam, wa ya gaya maka ɗan amshi jira kawai yake yi? A wajen makaɗan fada da yawa, masu amshin su ne kuma masu kaɗa kotson. Ka raba abin da ba a raba ba.

Ɗan Gusau: Tunda an ambaci Ɗanƙwairo, ina roƙon a riƙa faɗin cewa mutumin Maradun ne, kuma Maradun a Jihar Zamfara take. Na lura duk lokacin da aka zo alfahari da makaɗa a wannan zaure, sai a haɗe namu a kira su na Sakkwato.

Hajiyar Gawon Nama: Ƙanena, babu wanda ya kira shi ɗan Sakkwato a nan. Ko da ma an kira, sai a 1996 aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, shi kuwa ya rasu tun 1991, saboda haka duk waƙoƙinsa kafin rabuwar ya yi su. Kuma kada ka manta Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Isa kuwa har gobe tamu ce.

Ɗan Gusau: Yaya Hajiya, yi wa sarki waƙa daban, asalin mutum daban. Ba zan bar wannan magana ta wuce haka ba.

Ɗan Mabera: Jama'a, ni shawara nake nema a kan hannuna da kuma ƙorafin mai ganga.

Malamin Arkilla: Ƙanena, mai gangarku yana da gaskiya. Mai jita ya saba cika kowane gurbi da ƙawa, a bes kuwa rabin aikin shi ne sanin inda za ka yi shiru, da danne tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa don kada su riƙa gunji. Tsawon tsirkiyar bes da aka saba gani inci 34 ne, na jita kuwa yawanci bai wuce inci 25 da rabi ba, shi ya sa yatsa ɗaya ga kowane gida, wato gurbin da ake danna tsirkiya, ke wahalar da kai a can saman wuya inda gidajen suka fi faɗi. Ka haɗa ƙaramin yatsa da na kusa da shi su danna tare. Bororon kuma zai zama kanta idan ka ƙara ƙarar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ka daina fizgar tsirkiya da ƙarfi. Ba kai ne farau ba, Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ta Ingila ma jita yake kaɗawa kafin ya karɓi bes a 1961.

Baban Runjin Sambo: To ga shi nan, Malam, ka dawo kan maganata da bakinka. Sanin lokacin shiru da lokacin karɓa shi ne ainihin aikin amshi. Sai da ka je har Ingila ka ɗauko misali, alhali ga namu a gida.

Malamin Arkilla: Baba, kayan kiɗan ne ya fito daga ƙasashen Turawa. A Amurka maƙerin jita Leo Fender ya fitar da bes ɗinsa na lantarki mai suna Precision Bass a 1951, don haka ba raini ba ne idan na kawo misalin mutanensa.

Hajiyar Gawon Nama: Har yanzu ɗan Gusau bai ba ni amsa a kan Isa ba.

Mai kula da zaure: Zan rufe wannan muhawara saboda ta fara komawa rikicin jihohi. Ni dai shekara goma sha ɗaya ina kaɗa bes, kuma abin da na fahimta shi ne yawancin mutane sun yarda da Malamin Arkilla cewa bes ba amshi ba ne, shi ne tushen kiɗa, mai jita ma a kansa yake tsaye. Baba ya yi bayani mai kyau a kan makaɗan fada, amma wannan wani fage ne daban. Ɗan Mabera, ka daina ganin an rage maka matsayi. Ka zo sitidiyo ranar Asabar bayan la'asar tare da mai gangarku, ka bar jitarka a gida, mu yi awa ɗaya kana bin ƙafarsa ta dama da yake buga babbar ganga da ita.